Kushewar Bayan Ɗakin 'Yardada

An cire ƙayar da ke toshe da giɓin katangar. Ina dawowa daga kasuwar Jakara da ledar kayan miya na hango ta wutsiyar ido, har na wuce na dawo da baya na sake dubawa. An janye reshen gefe an jingine shi da bango a tsanake, ba irin aikin awaki ba, ga sawun takalma ya shiga ya fito a kan ƙasar da ruwan jiya ya jiƙa.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin giɓin nan a buɗe ba. Duk shekara kafin damina Baba Gwadabe, ƙanen kakata 'Yardada, yakan sa a saro masa sabuwar ƙaya, ya zo da kansa ya toshe, sannan ya shigo cikin gida ya wanke hannu ya ce, "Yaya, an gyara." Ita kuma ta sa masa albarka ta dama masa fura.

Bayan katangar tsohuwar maƙabarta ce, ba ta fi filin gida biyu ba, tana manne da bayan gidanmu a Koki. Daga waje ba abin da ake gani sai tumfafiya da ledojin da iska ta kai da wata tsohuwar kurna. Filin na kakansu 'Yardada ne, shi ya bayar aka binne mutane a shekarar wata annoba ta zamanin Turawa. A layinmu ba a ce mata maƙabarta, Kushewar Kuku ake cewa.

Yadda ake ba da labarin, wai a shekarar annobar wani kukun Bature ya shigo birni cefane, ciwo ya kayar da shi a bakin layinmu, kafin la'asar ya cika. Ba wanda ya san sunansa ko garinsu, ba wanda ya san ko yana salla. Aka yi ta gardama a kan gawar, daga ƙarshe aka sa shi tare da mutanen unguwa, wasu suka ce an yi masa salla, wasu suka ce ba a yi ba. Tun daga nan wai yake fitowa. Shi ba ya jiran duhu kamar sauran fatalwa. Da rana tsaka yake fitowa, lokacin da layi ya yi tsit, da farin gajeren wando da kwandon cefane a hannu, ya tsayar da mutum cikin ladabi ya tambaye shi hanyar bariki. Wanda ya amsa, zazzaɓi ne zai kwantar da shi.

Shi ya sa har yau a layinmu ba a nuna wa baƙo hanya daf da azahar. An taɓa yin wani ango da ya zo gaishe da surukansa cikin farar shadda, ya yi ta zagaye yana tambaya, mata na shigewa gida suna rufe ƙofa, har ya yi fushi ya koma ya ce dangin matar ba sa son sa. Sai da aka tura dattawa suka ba shi haƙuri.

Ba wanda ya iya ba da labarin Kuku kamar Baba Gwadabe. Ya ce shi da idonsa ya gan shi sau biyu, har ya ga albasa a kwandon. In yana faɗa yakan kwaikwayi muryar, ya karya Hausar, mu yi ta dariya muna matsawa jikin juna. Duk yaron da ya ji daga bakinsa ba ya ƙara leƙa giɓin nan, ko ƙwallonsa ce ta faɗa ciki sai dai ya haƙura.

'Yardada kuwa ba ta tsoron Kuku. Maƙwabcinta take ce masa. Bangon ɗakinta na baya shi ne katangar maƙabartar, akwai wata 'yar taga can sama wadda ba a ganin komai ta cikinta sai rassan kurnar. Kullum bayan sallar asuba takan ɗora ƙafa a kan turmi ta buɗe tagar, ta zauna a ƙarƙashinta da carbi har rana ta fito. Duk Juma'a takan toya waina a raba sadaka, ta ce Allah ya kai ladan ga mutanen bayan ɗaki, har da baƙon da ba a san sunansa ba.

Ɗanta na fari ne a wurin. Yana shekara biyu ƙyanda ta ɗauke shi, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, lokacin mijinta, kakana Alhaji Umar, yana Ikko wajen fataucin goro, ita kuma tana zaune a nan gidan mahaifinta. Mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta. Abin da maza suka dawo suka gaya mata shi ne abin da ta sani. Gwadabe, wanda a lokacin gemu bai gama fito masa ba, shi ya ɗauki yaron a tabarma, shi ya dawo ya ce mata ba a kai shi nesa ba, yana nan gindin kurna, tsakaninta da shi bango ne kawai.

Ɗan fari ne, don haka ko yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ɗauke shi a gaban mutane, da ya rasu kuma ba ta yi kukan da kowa zai gani ba. Har yau "yaron nan" take cewa. A bakin mahaifiyata na ji cewa Mustafa ne sunansa.

Bayan an haifi mahaifiyata, Alhaji Umar ya kama gida a Ikko ya aiko a kai masa iyalinsa. Ta ƙi zuwa. Ya zo da kansa, ta ƙi. Aka yi ta ja har ya gaji ya sawwaƙe mata, ba ta kuma sake aure ba. Da mahaifina ya gina gida a Rijiyar Zaki ya ware mata ɗaki da banɗakinsa, nan ma ta ce a bar ta inda take. Da aka rasa yadda za a yi da ita sai aka ba ta ni, tun ina 'yar firamare, in riƙa taya ta kwana. A ɗakin nan na yi karatuna har na gama jami'a.

Na ajiye kayan miyar na gaya mata an cire ƙaya. Ta ce 'yan awakin gidan maƙwabciyarmu Zuwaira ne, ba sa jin magana kamar mai su, in Gwadabe ya zo za ta sa ya mayar. Ban ce mata na ga sawun takalma ba.

A 'yan makonnin nan Baba Gwadabe ya yawaita zuwa. A Ƙofar Mazugal yake zaune da iyalinsa, da can sai ya yi wata bai leƙo ba, amma yanzu kusan kullum sai ga shi da yamma da ƙullin tsire. Ni ba mai yawan magana ba ce, a makaranta ma har muka gama akwai waɗanda ba su san muryata ba. Shi kaɗai ne namijin da nake iya mayar wa da magana, saboda wasan jika da kaka.

"Ina amaryata 'yar boko? Fito ki ga angonki ya sha wanka."

"Ango ba haƙori? Ka je ka sa na roba tukuna."

"Ji min yarinya. Tsiren nan da wa zan cinye shi, da dasashi?"

Sai ya ja kujera ya ce in ba shi labarin binciken da na yi na kammala digiri, wanda na yi a kan tsofaffin maƙabartun cikin birni. Ba wanda ya taɓa tambaya ta abin da ke ciki, ko a gidanmu. Na saki jiki na yi ta zuba. Na gaya masa tsofaffin da na zanta da su, da irin labaran fatalwar da kowace unguwa take da nata. Ya tambaye ni Kushewar Kuku fa, yaushe aka daina binnewa a ciki. Na ce duk dattawan da na tambaya sun ce tun bayan annobar aka rufe ta, tun Turawa suna nan. Na ƙara da cewa, ban da ɗan 'Yardada, wanda shi Baba Gwadabe ya fi kowa sanin zancensa. Ya gyaɗa kai yana sakace, ya ce lalle karatu ya yi rana.

Kwana kaɗan bayan na ga giɓin a buɗe, Zuwaira maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Ta tsaya a tsakar gida tana yi wa 'Yardada barka, wai ta ji za a fasa katangar baya a yi shaguna, layi zai yi haske, su huta da sauro da macizai. Ta ce ta sa mijinta ya kama mata ɗaya tun da wuri. Sai da ta ga fuskar 'Yardada ta gane ba a gaya mata ba. Ta ɗauki rariyar ta fita tana cewa ita ma ji ta yi.

'Yardada ta sa na kira mata Malam Ƙasimu, limamin masallacin layinmu. Ya zo bayan azahar ya zauna a soro, ita ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ciki. Bai ɓoye mata ba. Ya ce wasu daga magadan filin sun zo masa da maganar, shi kuma ya gaya musu yawancin malamai ba sa yarda a taɓa maƙabarta komai daɗewarta, sai dai akwai waɗanda suka sassauta in an tabbata an daɗe ƙwarai da rufe ta, babu abin da ya saura. Ya ce an tabbatar masa ba a sa kowa a ciki ba tun zamanin Turawa, har aka ce masa yarinyar gidan da ta yi jami'a ta bincika ta ga haka ne.

Ina tsaye a bayanta da kofin ruwa.

Ta ce masa akwai yaronta a ciki. Malam ya cire hula ya mayar. Ya ce wannan ba a gaya masa ba. In har akwai wanda aka sa a zamaninmu, mahaifiyarsa kuma tana raye tana ji tana gani, to babu sauran magana, ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba, shi da kansa zai tsaya. Amma ana buƙatar namijin da ya halarci binnewar ya faɗa da bakinsa.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji ta. "A kira Gwadabe. Shi ya ɗauke shi."

Malam ya ɗago kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya ce to, gobe bayan la'asar.

Da ya tafi ta yi ta faɗa ita kaɗai tana tsince shinkafa. Wai aikin Fa'izu ne, ɗan Gwadabe na biyu, tun yana yaro idonsa a kan abin duniya yake, gobe ubansa zai ci masa mutunci a gaban liman. Na daɗe ina juya maganar kafin na iya fitar da ita. Na ce mata abin da Malam ya ce yarinya ta bincika, mutum ɗaya na gaya wa, Baba Gwadabe, kuma na gaya masa har da maganar yaron, shi ne aka yanke rabin. Ta dube ni kamar na zagi wani babba.

"Gwadabe? Shi da na goya a bayan nan? Ke dai boko ya sa miki zargi. A gaban 'ya'yansa ya yi hirar, suka ɗauka suka yi gaba da ita."

Na so ƙwarai a ce ita ce mai gaskiya.

Washegari suka zo tare, Baba Gwadabe da Fa'izu, Malam Ƙasimu na biye. Baba Gwadabe bai nemi amaryarsa ba, ko inda nake bai kalla ba. Ya gaishe da yayarsa ya zauna ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa. 'Yardada ta sa sabon mayafi, ta zauna a inda ta zauna jiya, ni ina rakuɓe a bayanta.

Malam ya buɗe da addu'a, ya maimaita abin da ake ciki, sannan ya ce Alhaji Gwadabe ya faɗi tsakaninsa da Allah inda aka sa yaron.

Baba Gwadabe ya janye ƙafarsa ya naɗe. Da ya fara magana ba ita ya fuskanta ba, Malam ya fuskanta. Ya ce ranar da hantsi yaron ya cika, kafin a gama shirya shi rana ta take. Shi ya so a sa shi a baya, amma limamin lokacin ya ce an rufe wurin tun kafin a haife su, maƙwabtan da suka zo kuma ba mai yarda ya taka ciki da rana tsaka. Sai suka wuce da shi babbar maƙabarta ta Ƙofar Mazugal. Da suka dawo ya tarar da yayarsa ta juya fuska ga bango, ba ta kuka, ba ta ci, ba ta sha, ba ta amsa gaisuwa. Mahaifiyarsu ta ja shi gefe ta ce ya gaya mata wani abu kafin ita ma su rasa ta. Shi ne ya faɗi abin da ya zo bakinsa. A ranar ta karɓi kunu.

"Allah ne shaidata, Malam, ni na ɗauki Auwalu a hannun nan har bakin ramin. Ba ya bayan ɗakin nan. Bai taɓa zama a nan ba."

Malam ya juyo wajen ƙofa ya tambaya a hankali ko sunan yaron ke nan, don ya sa shi a addu'a. Na ga leɓen 'Yardada ya motsa ya tsaya. Shekara hamsin ba ta faɗi sunan ba, ba kuma za ta fara a gaban maza ba. Yatsunta suka damƙe gefen tabarma.

"Mustafa," na ce. Muryata ta fita 'yar ƙarama, sai da na sake faɗa.

"Au, haka ne, Mustafa," in ji Baba Gwadabe. "Tsufa. Da yake na fari ne sai bakina ya tafi can."

Fa'izu ya gyara zama ya fara bayanin cewa dama wurin ya zama matattarar shara, maganar Kuku kuma kowa ya san tatsuniya ce. Malam ya ɗaga masa hannu ya katse shi. 'Yardada ce ta yi magana, muryarta kamar tana tambayar farashin gero.

"Ka ce ka gan shi sau biyu."

"Wa?"

"Baƙon. Har da albasa."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya ce labarin ya girme shi, shi dai ya riƙe shi ne don kada ya mutu. Da yara sun saba shiga, wata rana wani zai zo ya ce mata babu wani ɗan tudu a gindin kurna. Ƙayar ma dalilinta ke nan. Duk don hankalinta ya kwanta ya yi.

"Da Alhaji ya aiko a tafi da ni, wa ya raka ɗan aiken tasha?"

"Ni ne, Yaya."

"Da ya zo da kansa, a soron nan ya kwana. Wa ya kai masa shimfiɗa?"

Ya koma murza gwiwarsa.

"Ka san abin da ya hana ni bin sa."

"Na ɗauka za ki manta. Kowa ya ce in kin sake haihuwa za ki manta. Da na ga ba ki manta ba, abin ya riga ya yi nisa, na rasa ta inda zan fara." Ya share fuska da hannun riga. "Kuma ni ban taɓa ce miki ki zauna ba."

"Amma da shaguna suka zo ka samu ta inda za ka fara."

Malam ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, a tuna zumunci. Ba ta ko juya ba. Ta ce to ta ji. Tun da yaron yana Ƙofar Mazugal, gobe Gwadabe ya zo ya kai ta, ba za ta shiga ba, za ta tsaya a bakin katanga, shi ya shiga ya tsaya a kan wurin ta hango shi daga nesa. Abin da take nema ke nan, daga nan su gina abin da suka ga dama.

Baba Gwadabe ya dubi Fa'izu, ya dubi Malam. Ya ce shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce. Damina nawa ta wuce a kai, mutum nawa aka sa a gefen. Bishiyar da ya yi alama da ita ma an sare ta tun tuni. Yana jin dai ta ɓangaren gabas ne. Ko arewa maso gabas.

"Kullum ta bakin wurin kake wucewa zuwa kasuwa," ta ce.

"Haka ne."

"Ka taɓa tsayawa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce wa Malam ta gode da ya taso, ta shige ciki. Na ji Malam yana ce musu shi har yanzu ransa bai kwanta da taɓa wurin ba, akwai bayin Allah a ciki ko an manta sunayensu, amma ba shi da hujjar da ya yi niyyar tsayawa a kanta. Da za su fita Baba Gwadabe ya tsaya daidai inda nake naɗe tabarma, ya ce, "Amarya, ki lallashe ta, kin fi ni iya magana da ita." Na ci gaba da naɗin har ya gaji ya wuce.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma daina cin abinci ba. Ta ci gaba da komai yadda ta saba, in ban da tagar. Da asuba takan idar da salla ta zauna da carbinta a bakin gado, turmin na nan a inda yake ba ta taka ba. Ranar Alhamis na ɗauko shinkafar waina zan jiƙa, ta ce in jiƙa rabi, baƙon da sauran mutanen ba su yi mata laifi ba. Sau ɗaya ta tayar da maganar. Muna tsinke zogale ta ce, ba tare da ta dube ni ba, duk addu'ar da ta yi ta san ta isa inda za ta, Allah ba ya ɓatan hanya. Abin da take tunani shi ne yaron yana can shi kaɗai cikin baƙi, tana nan tana yi wa bango hira. Daga nan ta tambaye ni ko har yanzu ba a sa kowa a ɗakin nan da mahaifina ya ware mata a Rijiyar Zaki ba. Na ce yana nan, buhunan masara ne kawai a ciki. Ta ce to.

Ranar Asabar da hantsi muka fara jin sara ta bayan bango. Masu aiki ne da adduna suna share tumfafiya, suna hira da ƙarfi, ɗaya yana tsokanar ɗaya wai ya yi sauri kafin rana ta take Kuku ya zo ya tambaye shi hanya. Can aka fara sa wa kurnar gatari. Duk sara ɗaya sai ƙasa ta ɗan zubo daga jikin bangon ɗakin ta sauka a kan gado.

Ana cikin haka Baba Gwadabe ya yi sallama. Ya zo da turmin atamfa da ƙwaryar goro, ya ajiye a gabanta a tsakar gida, ya ja kujera. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi iyali. Wannan ya ba shi ƙarfi. Ya ce ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya ce shagon farko, na kusa da ƙofa, nata ne, ya riga ya gaya wa yara. Za a yi wa bangon ɗakinta sabon yaɓe da siminti, a fitar mata da babbar taga mai gilashi ta ɓangaren tsakar gida, tun da ta bayan dole a toshe ta. Ya ce zai sa a yi saukar Alƙur'ani a kai ladan ga yaron, ga Mustafa, ya faɗi sunan a hankali don a ji ya riƙe.

Tana saurare tana gyaɗa kai. Can ta miƙe ta ɗauki butarta kamar za ta kewaya, ta shiga ɗaki. Ya juyo gare ni ya ci gaba da bayani, yana zana girman tagar da yatsa a ƙasa, yana cewa ni mai ilimi ce, na san birni ba zai zauna yadda yake ba har abada.

Ta bayan kafaɗarsa na gan ta ta fito. Ta sa mayafinta na fita unguwa, ta rataya 'yar jakar da take zuba magungunanta, dardumar sallarta a naɗe a hammata, butar a hannu. Ba ta ja ƙofar ɗakin ba. Ta bi ta gefen rijiya, ta raɓa atamfar da goron, ta tsaya ta zura takalmanta ɗaya bayan ɗaya tana dafe da bango. Yana cikin lissafa wa za a ba shago na biyu ta ɗaga labulen soro ta fita.